Kafireton Motar Alhaji

A wannan wata labarin wata tsohuwar mota na kawo muku, da wani ɗan ƙarfe da ke cikinta wanda girmansa bai wuce ƙoƙon shan koko ba, amma ya hana ni barci har mako uku.

Motar Peugeot 504 ce, wato Fijo, fara, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna. Masana'antar nan ta Kakuri ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina ƙera irin tamu. Wani Batone ne ya shigo da ita Kumasi a 1983, shekarar da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana suka yi ta kwararowa gida da jakunkuna a ka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, falken goro ne, ya saye ta a hannunsa bayan shekara 5. Tun daga ran nan ta zama motar unguwa. Kafin pragya ta cika gari, in naƙuda ta kama mace da tsakar dare a layinmu na Aboabo, ƙofar Alhaji ake bugawa. Amaren da ta kai ɗaki ba na iya ƙirga su, wasunsu yau suna da jikoki. Da Alhaji ya rasu a 2009, sai makulli ya faɗo hannuna, don ni ne auta, ni ne kuma na rage a gida. Yayanmu babba yana Jamus.

To, mota ta yi ta lallaɓawa har 2023, sannan ta fara nuna gajiya. Da safe sai yaran layi sun tura ta. In na tsaya a danja sai ta mutu, sai na koyi taka birki da ƙafar hagu ina ba ta totur da ta dama. Warin fetur kuwa har cikin tufafina, 'yan ajina suna toshe hanci. Ga shi tun tsadar 2022 mai ya zama abin da ake awo da cokali, ita kuwa tana sha kamar raƙumin da ya fito daga sahara. Na duba na ga sandar nan da ke juya murfin totur a gindin kafireto ta cinye mazauninta, in ka kama ta da yatsa tana girgiza kamar haƙorin tsoho. Shekara 40 tana juyawa, ai ta yi ƙoƙari.

Da na gaya wa Yaya a waya, bai yi wata-wata ba ya ce a kira masu sayen ƙarfen kwandem su auna ta, shi zai aiko da ƙaramar mota ta zamani. Gaskiya maganarsa ba ta da aibu, har na fara amincewa. Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga Ejura cewa Inna, ƙanwar Hajiyarmu, tana kwance, jiki ya yi tsanani, idonta ma ya tafi. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Na ce wa Hajiya bari in ɗauko shatar tasi. Ta dube ni ta ce, "Auta, in ba a motar Alhaji ba, ba ni zuwa." Na kawo mata zancen gwiwarta, na kawo zancen nisa, ta juya ta ci gaba da jan tasbaharta. Wanda ya san tsofaffinmu ya san an rufe magana ke nan.

Washegari na nufi Magazin ta Suame. Wanda bai taɓa shiga wurin nan ba, yana da wuya a kwatanta masa: gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai, ko'ina ƙarar guduma da walƙiyar walda, ana ciniki da Tonanci da Hausa da Turanci a numfashi ɗaya. Amma ka ce kafireton 504 kake nema, sai samari su dube ka kamar ka tambayi kuɗin wuri. Sai da na sha yawo kafin aka kai ni wani lungu inda aka ajiye mini biyu a kan benci. Ɗaya hom-yus ne, Solex na asali, amma da na girgiza sandarsa na ji ciwonsu ɗaya da nawa. Ɗayan sabo fil a kwali, yana ƙyalli, an kwaikwayi Solex 34 sak, sai dai babu sunan maƙerinsa ko'ina a jikinsa. Wannan lamba 34 faɗin maƙogwaronsa ce a milimita, ta kuma yi daidai da tamu. Na biya, na rungumo shi kamar jariri.

A nan ne na yi kuskuren farko, kuma dole in faɗe shi. Akwai tsohon fitan da ya riƙe motar nan tun zamanin Alhaji, kowa Masta yake ce masa. Ya bar aiki, yanar ido ta dame shi, yana zaune a gida a Sawaba. Tun rasuwar Alhaji sau biyu kacal na taka gidansa, ko da matarsa ta rasu saƙon ta'aziyya na aika. Sai kunya ta kama ni, yaya zan je masa yanzu da buƙata a hannu? Na ce wa raina ai ni malamin makaranta ne, na kalli bidiyo a waya har uku, noti biyu ne da tiyon mai da wayar totur da ta cok. Karambanin akuya, gai da kura.

Bari in ɗan yi wa matasa bayani, don da yawansu sun tashi sun tarar da motocin injekta, tun da Turai ta bar sa kafireto a sababbin motoci a farkon shekarun 1990. Injin ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, misalin awo 15 na iska ga awo 1 na mai in da nauyi aka auna. Kafireto shi ne mai wannan dama. A tsakiyarsa akwai maƙogwaro mai ƙunci, in fistin ya zuƙi iska ta wurin sai ta ƙara gudu, gudun nan ya tsotso mai ta wani ɗan ƙaramin rami na tagulla da ake kira jet. A gefe akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, da fulot mai iyo a ciki, in mai ya kai iyaka sai ya tura allura ta toshe hanya, kamar dai tankin ban-ɗakin zamani. Sai sukuru biyu a waje, ɗaya na saurin silo, ɗaya na yawan man da ke shiga lokacin silo. Shi ke nan. Duk wannan na san shi a ka, har zan iya zana shi a allo.

Ranar Asabar bayan asuba na buɗe bonet. Na cire tsohon, na ga gaskit ɗin da ke ƙasa bai yage ba, na ce ai zai yi. Na ɗora sabon, na ɗaure notin farko tamau har sai da sifana ta yi ƙara, sannan na koma na biyun. Na murɗa makulli, mota ta tashi da ruri, na yi kabbara. Murnar ba ta kai minti biyu ba. Injin ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai kamar mai haki, da na mayar da cok sai ya mutu. Na ɗauki sukudireba. Jama'a, kwana uku ina murɗa sukurun nan biyu, in shigar in fitar, har na manta inda suke tun farko. Da haushi ya kama ni na danna na man ciki da ƙarfi har ya ƙi motsi. Batir ya mutu, na kai caji, ya sake mutuwa. Na ciro fulogi na gan su baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na zagi mai shagon Magazin a raina, na zagi waɗanda suka ƙera abin a duk ƙasar da suke. Hajiya tana zaune a baranda tana kallona, ba ta ce uffan ba. A rana ta huɗu aka bugo daga Ejura aka ce Inna ta daina cin abinci. Da dare Hajiya ta ce, "Auta, Masta dai yana da rai."

Na sayi goro fari, na tafi Sawaba da kaina a sunkuye. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, tun kafin in faɗi sunana ya ce, "Ɗan Alhaji ne? Ticha, ashe kana gari." Wannan kalma ta fi mari zafi. Na yi masa ta'aziyyar da ta makara da shekaru, ya amsa, ya tambayi Hajiya, sannan ya ce, "Yaya farar?" Na kwashe duka na gaya masa, ban rage kome ba. Ya yi dariya har da tari, ya kira jikansa, wani saurayi da ke koyon gyaran motocin zamani, ya ce ya ɗauko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Abin da ya ba ni mamaki, da muka iso gida, awa biyu cur bai taɓa kafireto ba. Na yi ta nuna masa shi, ya ce, "Ticha, shi ake tambaya a ƙarshe. Kowa ya ji injin na tari sai ya kama kafireto, alhali sau da yawa wuta ce." Tun injin na da sanyi ya sa jikan ya buɗe murfin bawul ya auna tazara, na shigar iska 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita, lambobin suna kansa kamar Fatiha. Biyu sun matse. Yaron ya nufi gaban injin yana neman silinda ta ɗaya, Masta ya ce masa, "Wannan Bafaranshiya ce, daga baya take ƙirga, ta ɗaya tana wajen kuloci." Aka buɗe kwantak aka ga bakinsa ya ci wuta, aka goge, aka sa tazarar 0.4. Aka wanke fulogi aka busar. Aka daidaita taimin da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu, ana juya injin a hankali har ƙwan ya kama. Sannan ya ce a cire tiyon mai a sa a kwalba a buga sitata. Man da ya fito, da ya kwanta, sai ga jan gari a ƙasa kamar an zuba barkono. Tsatsar tanki ce ta shekara da shekaru, na kuma tura ta cikin sabon kafireto da hannuna. Aka aiki yaro ya sayo ɗan matacin mai na roba aka sa a hanya.

Sai a lokacin ya ce a tayar. Da ta tashi tana hakin nan nata, ya lalubo bakin kafireton ya rufe rabinsa da tafin hannu. Nan take injin ya daidaita, har ya ƙara ƙarfi. Ya ce, "Ka ji? Na rage mata iska ta sama ta ji daɗi. Ke nan tana shan wata iskar ta ɓarauniyar hanya." Aka sauke shi. Ya shafa gindinsa da yatsa, ya miƙo mini ya ce in ɗora a kan gilashin taga in duba. Haske na wucewa ta ƙasa. Ɗaurin da na yi wa noti ɗaya ya lanƙwasa ƙarfen, don irin wannan ƙarfe laushi gare shi, tsohon gaskit kuwa ya bushe kamar ganda, ba ya iya cike gurbin. Aka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, aka ce ni zan goga da kaina, ina zagayawa kamar mai rubuta lamba 8. Na fi minti 40 ina yi, yaran layi suna kallon Ticha yana aikin horo. Shi kuwa ya ɗora takardar gaskit a kan mazaunin, yana ɗan bubbuga gefe da ƙaramar guduma, sai ga sabon gaskit ya fita daidai, da ramukansa, alhali mutumin nan ba ya iya karanta lambar mota daga taku biyar.

Ya tambayi ina tsohon kafireton. Na ce yana cikin kwandon shara. Ya yi shiru, ni kuwa na ruga na tono shi. Ya ce gangar jikin ce ta mutu, amma jet-jet ɗin ciki na asali ne, an yi su daidai da wannan injin, na kwaikwayo kuwa wani lokaci lambar da aka buga a kansu daban, ramin daban. Jikan ya riƙa karanta masa lambobi, aka ciro tsofaffin aka wanke da fetur, aka hura da famfon taya. Na kawo siririyar waya don a zura, ya buge hannuna. Tagulla ce, in ka zura waya ka faɗaɗa ramin, mota ta zama mashayiya har abada. Sukurun man da na danne kuwa, bakinsa mai tsini ya yi zobe, ya lalace, shi ma tsohon aka mayar. Daga ƙarshe ya girgiza fulot kusa da kunnensa ya ji ba mai a ciki, amma ya ce man na tsayawa sama da ƙima, ya ƙara wasa ɗaya siririya a ƙarƙashin mazaunin allura. Wajen ɗaurewa ya sa ni na riƙa yi wa wannan noti rabin juyi, wancan rabin juyi, har suka zauna tare.

Saitin kansa, abin da na kwana uku ina fama da shi, bai kai minti 15 ba, amma sai da ya sa muka zagaya unguwa har injin ya yi zafi sosai, aka mayar da matacin iska, aka tabbatar cok ya buɗe gaba ɗaya. Ya ce wanda ya saita injin mai sanyi, gobe ma zai sake. Ya shigar da sukurun man a hankali da yatsa biyu har ya taɓa ƙasa, ya dawo da shi juyi biyu da rabi. Ya sa aka ɗora kofin ruwa a kan mudigadi, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Ya shigar kaɗan, injin ya fara tuntuɓe. Ya fitar kaɗan-kaɗan, sauti ya yi ta hawa, har ya kai inda ƙari ba ya ƙara kome, ya tsaya nan. Ya koma ɗaya sukurun ya sauke gudun, ya sake dawowa na farko. Sau uku yana wannan kai da kawowa, bayan kowane taɓi sai ya jira injin ya amsa, abin da ni ban taɓa yi ba. Ruwan kofin ya daina rawa sai ɗan shauƙi. Ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa, ya shinshina tafinsa, ya ce, "To." Jikan ya jona na'urarsa don ya gwada kakansa, ta nuna juyi 850 da 'yan kai a minti. Yaron ya yi murmushi ya mayar da ita aljihu.

Saura abu ɗaya. In an taka totur farat ɗaya sai ta ɗan yi jim kafin ta ɗauka. Aka kashe injin, aka ce in leƙa maƙogwaron in ja wayar totur. Na ga wani siririn mai ya fito da kyar. Wannan ɗan famfo ne mai ba da kurɓi ɗaya lokacin da aka buɗe totur kwatsam. Aka ɗan matsa notin sandarsa, kurɓin ya fito da ƙarfi, jim ɗin ya tafi.

Kada wani ya ce ina kushe motocin zamani. Injekta ta fi, ba ta shan mai haka, ba a tura ta da safe, in da hali ni ma ina so. Abin da ke damuna shi ne janareto da babura da yawa da ke cikin zangonmu har gobe da kafireto suke aiki, amma masu kunnen Masta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma da muke da su a unguwa ba ma zuwa ko gaishe su. Da na tambaye shi kuɗin aiki, ya ce in ba jikan na shan ruwa, shi kuwa ladansa in riƙa kawo masa farar duk Juma'ar farko ta wata ya saurare ta. Na gane abin da yake nufi.

Ya ce kada in ɗauki Hajiya sai na gwada ta a hawan Mampong, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma da daren nan aka sake bugowa daga Ejura, saboda haka gwaji da tafiya suka zama ɗaya. Muka fita bayan asuba, Hajiya a baya inda ta saba zama, da ƙullin magani da kwanon tuwo a gefenta. Muka wuce Mamponteng, muka wuce Agona. Daga Jamasi hanya ta fara miƙewa sama tana lanƙwasa, gabana yana faɗuwa, don a nan ne motar da man ta bai isa ba take fara atishawa ta baya. Na sa giya ta uku. Ta hau tana gurnaninta na da, allurar zafi ba ta motsa ba. A saman dutsen na tsaya gefe kamar yadda aka umarce ni, na jira ta ɗan huce, na ciro fulogi ɗaya. Launin shayi da madara. Hajiya ta ce, "Me kake nema kuma?" Na ce babu kome, na mayar.

Mun shiga Ejura da hantsi. Ban riga na kashe injin a ƙofar gidan ba sai wata yarinya ta fito da gudu ta ce Inna tana tambaya wai motar Alhaji ce take ji? Hajiya ba ta jira na buɗe mata ƙofa ba. Kwana 9 ta yi a wurin, tana ba ƙanwarta koko da cokali. Inna ta rasu bayan wata biyu, Allah ya gafarta mata, kuma a farar muka koma zaman makoki.

Yaya ya bar zancen kwandem, ko da yake har yanzu yakan ce mini mai gidan tarihi. Tsohon kafireton yana kan tagar Masta, jikan yana kwance shi yana mayarwa. A Juma'ar da ta wuce da na kai ta, tun ina kwanar layinsu ya ce wa yaron kuloci ya fara santsi, in zo da ita bayan Sallah, kuma kada in kuskura in taɓa kome kafin nan.